Tseren Motoci na Dogon Zango: Daga Landan Zuwa Kano, Daga Paris Zuwa Dakar

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Kasuwar Daji, da na Ƙauran Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, da Moriki, musamman waɗanda abincinsu yake kan hanya: direbobi, yaran mota, 'yan kamasho, kanikawa, masu faci, masu walda, da masu sayar da kayan gyara. Shirin yau naku ne.

Duk watan Janairu, in ka zauna a tasha ko a garejin kanikawa, za ka tarar da samari sun haɗa kai a kan waya guda, suna kallon motoci suna hawan tudun rairayi a ƙasar Saudiyya. Sai ka ji wani ya ce, "Wallahi da za a ba ni wannan motar, da ba mai ganin ƙurata." Wani kuma ya yi tambaya ta tsakani da Allah: shin ɗan garin nan zai iya shiga irin wannan gasa? Me ake bukata, kuma ta ina ake farawa? Tambaya ce mai kyau, ita za mu bi yau. Amma ina roƙon mai cewa ba za a ga ƙurarsa ba ya ba ni kunnensa har ƙarshe, domin maganar ta fi shafarsa.

Da farko mu bambanta. Akwai tseren da ake yi a fili mai kwalta, motoci su yi ta zagaye wuri guda, cikin awa biyu an tashi. Ba shi nake nufi ba. Wanda nake nufi tafiya ce ta mako biyu ko uku, ta dubban kilomitoci, ana yanka ta zango-zango. Kowace safiya ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, da 'yar tazara a tsakani, kowa da lokacin tashinsa. Wani yanki na hanyar titin kowa da kowa ake bi, a nan ba a tsere, dokar hanya ta ƙasar ce ke aiki. Wani yankin kuma, cikin daji ko hamada, shi ne ake auna lokaci. Da dare a taru a sansani, direba ya ɗan runtsa, kanikawa su kwana a ƙarƙashin mota. Ranar ƙarshe a haɗa lokutan kowa, a ɗora masa mintocin horo na laifukan da ya yi a hanya. Wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ya ci.

Mutane da yawa ba su san irin wannan gasa ta taɓa shigowa har ƙasar Hausa ba. A 1974, shekarar da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya, an shirya tseren motoci daga Landan zuwa birnin Munich. Maimakon a bi gajeriyar hanya, sai aka ce a gangaro ta Faransa da Sifen, a ƙetare ruwa zuwa Maroko, a shiga Aljeriya, a ratsa Sahara ta Tamanrasat, a bi ta Agadas, a taɓo Kano, sannan a juya a sake ratsa hamadar zuwa Tunisiya kafin a koma Turai. A watan Mayu fa! Ku tuna yadda rana take yi a nan Ƙaura a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, sannan ku ƙiyasta abin da ke tsakiyar Sahara.

Motoci fiye da 50 suka tashi daga Landan. Tun kafin ranar, masu shirya gasar sun aika mutanensu sun bi hanyar, sun rubuta littafin jagora: idan ka kai wuri kaza kwalta za ta ƙare, daga nan ka ƙirga tafiya kaza, ka karkata hannu kaza. Ashe tsakanin rubuta littafin da zuwan motocin, ma'aikatan hanya na Aljeriya sun ƙara shimfiɗa kwaltar gaba da 'yan kilomitoci. Direbobi suka zo a guje, suka bi kwalta har inda ta ƙare, suka soma lissafi daga wurin da ba shi ba. Nan fa aka watse cikin hamada. Wasu suka kafe a rairayi, wasu suka fasa ƙasan mota a kan duwatsu, wasu mai ya ƙare musu suna neman hanya. Har da Stirling Moss, ɗaya daga cikin direbobin tsere mafi shahara da Ingila ta taɓa yi, yana cikin Marsandi, a can Aljeriya tafiyarsa ta ƙare.

Da aka isa Munich, motoci 19 aka lissafa sun kammala, kuma a cikinsu 5 kacal suka bi cikakkiyar hanyar, wato suka je Kano suka dawo. To su wa suka ci? Wasu mutum uku ne 'yan Ostareliya a cikin mota ƙirar Citroën, babu wani kamfanin ƙera motoci da ya ɗauki nauyinsu. Ɗayansu, Ken Tubman, dattijo ne mai kantin magani wanda ya daɗe yana tuƙin dajin ƙasarsu. Wani kuma, Jim Reddiex, ya san cikin wannan motar ciki da waje, domin gyaranta da sayar da ita ne aikinsa. Tazarar da suka ba ta biyu ta wuce kwana guda. Motocin da suka zo na biyu da na uku da na huɗu kuwa duk Fijo 504 ne, kuma mata biyu 'yan Faransa ne a cikin wadda ta zo ta biyu. Ita dai Fijon nan da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda iyayenmu suka sha hawa tsakanin Gusau da Ƙaura.

Na tsaya a kan wannan labari ne domin a ganina ya ƙunshi duk abin da ya kamata mai sha'awar wannan harka ya fahimta. Motoci masu ƙarfin inji suna nan da yawa a ranar tashi. Direbobi masu zafin ƙafa su ma suna nan. Waɗanda suka ga Kano da idonsu su ne masu motar da ke jure wuya, masu hannun da zai gyara ta idan ta lalace, da kuma hankalin da zai ce wa direba: dakata, abin da ke cikin littafi bai yi daidai da abin da ke ƙasa ba.

Bayan wannan da 'yan shekaru aka haifi gasar da ta fi kowace suna, wato Paris-Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace a kan babur a 1977, cikin hamadar da ke wajen iyakar Nijar da Libiya, yana cikin tseren Abijan zuwa Nice. Allah Ya yi da sauran kwana, aka tsinto shi. Maimakon ya ce shi da hamada har abada, sai ya koma gida ya shirya tasa gasar. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris. Suka bi ta Aljeriya, suka shigo Nijar ta Asamaka, suka bi Arlit da Agadas da Yamai, suka shiga Mali. Ranar 14 ga Janairu 1979, guda 74 ne suka isa Dakar. Ko rabi ba su kai ba.

Daga nan Agadas ta zama babban zangon gasar na shekaru masu yawa. Wanda ya tashi daga nan Ƙaura ya bi ta Zurmi zuwa Jibiya ya shiga Maraɗi, ya riga ya kama hanyar ƙasar da muke magana, don haka ba labarin wata duniya ba ne.

Ita kuwa hamada ba ta san ɗan wane ba. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya ta wancan lokaci, ya ɓace kwana 6 a Saharar Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu, bayan motarsu ta lalace, sai jirgin sojan Aljeriya ne ya gano su. A 1983 aka ratsa hamadar Tenere a karon farko, guguwar rairayi ta taso, 'yan gasa wajen 40 suka ɓace, aka shafe kwanaki ana tsinto su. Shi kansa Sabine a hanyar ya rasu: ranar 14 ga Janairu 1986 jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a ƙasar Mali, mutum 5 suka mutu, har da wani mawaƙin Faransa, Daniel Balavoine, wanda ya biyo gasar domin aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka.

A nan ne za ku gane darajar mutumin da ke zaune a gefen direba. Masu kallo a waya ba sa kula da shi, alhali rabin gasar a hannunsa take. Shi ke riƙe da littafin jagora, yana duba na'urar ƙirga tafiya, yana duba kamfas, yana faɗa wa direba: saura mita ɗari uku akwai kwazazzabo, rage, bayan tudun nan ka karkata dama. Aikinsa irin na jagaban ayari ne a zamanin fatake, lokacin da kakanninmu ke zuwa Gwanja sayen goro: madugu ke da ayari, amma jagaba ke gaba yana karanta hanya. Har yau ayarin gishiri na raƙuma yana ratsa Tenere daga ƙasar Abzin zuwa Faci da Bilma, kuma masu jan sa sun san wannan hamada tun kafin a ƙera mota. Shi ya sa masu gasar suka jingina da 'yan ƙasa irin su Mano Dayak, Ba'abzinen nan da ya yi aiki da su, ya kuma shiga gasar da kansa, wanda yau filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa. Sai a 1992 aka fara amfani da na'urar tauraron ɗan'adam mai nuna inda mutum yake, kuma har yanzu an taƙaita amfaninta da gangan, don kada karatun hanya ya mutu.

Akwai ɓangaren labarin da ba a cika nunawa a hoto ba, kuma ba zan tsallake shi ba. Hanyoyin da motocin nan ke bi a guje, hanyoyin mutane ne. Yara na kiwo a gefensu, mata na tsallakawa zuwa rijiya. A 1988 motar gasa ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a Mali. A 2006 aka kashe yara maza biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Sanagal. Ba su sayi tikiti ba, ba su sa hannu a takardar yarda da haɗari ba, a ƙofar gidajensu suke. Gaskiya ne masu masauki da kanikawa da maƙeran azurfa na Agadas sun yi ciniki a kwanakin gasar. Amma ni dai ban yarda akwai cinikin da zai biya ran yaro ba, kuma duk wanda zai shiga irin wannan tafiya a ƙasar wasu, wajibi ne ya riƙa tunawa shi baƙo ne, kuma masu gari sun fi shi haƙƙi a kan hanyarsu.

Abin da ya kori gasar daga nahiyarmu kuwa, mu a wannan yanki mun san shi. A shekarar 2000 an zo har Yamai, sai aka samu labarin ana shirin kai hari a arewacin Nijar. Aka ɗauko manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov, aka kwashe motoci da mutane ta sama zuwa Sabha a Libiya. A ƙarshen 2007 aka kashe Faransawa 4 masu yawon buɗe ido a Muritaniya, sai aka soke gasar 2008 ana gobe za a tashi. Daga 2009 ta koma Kudancin Amurka, ta fara da Ajantina da Cile, daga 2020 kuma ta koma Saudiyya. Sunan Dakar kawai ya rage. Ba sai an yi wa mutumin Zurmi ko Shinkafi dogon bayani ba kan abin da rashin tsaro ke yi wa hanya. Mun ga yadda a 2021 aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya, direba ya wayi gari bai san ko zai yi lodi ba. Inda hanya ba ta da aminci, baƙo ba ya zuwa, ɗan gari ma da addu'a yake fita. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, muna tare a shirinmu na faɗakarwa, yau muna magana kan tseren motoci na dogon zango.

Bari mu leƙa yadda ake yi yanzu a Saudiyya, inda a 2025 ɗan ƙasar, Yazeed Al-Rajhi, ya ci gasar a cikin Toyota Hilux. Kafin shi Nasser Al-Attiyah na Katar ya ci sau da dama. Mace ma ta taɓa cin gasar gaba ɗaya: Jutta Kleinschmidt 'yar Jamus, a 2001, cikin Mitsubishi Pajero.

Kafin a bar mota ta tashi, sai ta bi ta hannun masu bincike. Dole a cikinta akwai kejin ƙarfe da aka yi wa walda, wanda zai hana rufi ya danne mutane idan ta kife. Dole kujera ta musamman, da bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu. Dole hular kwano, da tufafin da wuta ba ta saurin ci, da tukunyar kashe gobara, da ruwan sha na ko-ta-kwana, da akwatin magani. Akwai na'urar da ke nuna wa masu gasa inda kowace mota take a kowane lokaci, akwai wadda ke yi wa na gaba ƙara idan na baya yana son wucewa. Likitoci na biye a jirgi mai saukar ungulu. Idan aka zo ratsa gari, littafin jagora zai ce daga nan zuwa can kada a wuce gudun kilomita 30 ko 50 a awa, kuma na'ura na rubutawa. Ka wuce, a ci ka tara, a ƙara maka lokaci. Ka maimaita, kana iya rasa gasar. Wanda ya tsaya taimakon abokin hamayyarsa da ya yi haɗari, ana mayar masa da lokacin da ya ɓata. Duk da wannan tanadi, ana mutuwa. A 2020 ƙwararren ɗan babur na Fotugal, Paulo Gonçalves, ya rasu a cikin gasar.

To yanzu, ƙanena mai cewa ba za a ga ƙurarka ba, da kai nake. Waɗancan mutane da kake kallo, da duk wannan kariya suke gudu, a filin da aka keɓe, da likita a sama. Kai kuma ranar biki ka karɓi motar yayanka, ka cika ta da abokai, wasu a kan taga, ka shiga tsakiyar gari kana juya sitiyari kana jan birkin hannu, yara na tsaye a bakin hanya suna kallo. Wannan ba bajinta ba ce. Da a gasar Dakar ka yi haka a cikin gari, da a ranar za a kore ka. Ku riƙe wannan lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da ita ta ninka ta mai gudun 50 har sau 4. Ba ninki biyu ba, ninki huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Dokar hanya ta ƙasarmu ta ce kilomita 50 a cikin gari. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Haka ku ma yayyena direbobin haya. Ranar kasuwa a nan Kasuwar Daji muna ganin ƙaramar mota an ɗora mata buhuna har but ba ya rufuwa, mutum biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da wanda ke raba kujera da direba. Na san tsadar mai, na san abin da ake cirewa a tasha da kan hanya, na kuma san akwai wuraren da tsoro ke sa a taka mota. Ba na raina wannan uzuri. Amma taya mai sanƙo ba ta san uzuri ba, kuma lodin da ya wuce kima shi ke sa birki ya yi zafi ya ƙi kamawa.

Mu dawo kan tambayar da aka yi: ɗan nan zai iya shiga?

Maganar gaskiya, babbar gasar Dakar harka ce ta masu kuɗi. Kuɗin rajista kaɗai dubun-dubatar Yuro ne, ban da mota, da tayoyi, da jigila, da kanikawa, da motar dakon kayan gyara. Da yawa daga masu shiga kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu, shi ya sa kuke ganin jikin motocin cike da tambari. Sannan lasin tuƙi na yau da kullum bai isa ba, sai da lasin tsere, wanda ake samu ta hannun ƙungiyar ƙasa da ke ƙarƙashin hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA. Masu shirya gasar kuma suna duba tarihin mai nema, musamman 'yan babur, su ga ƙananan gasannin da ya kammala. Ba a fara hawa daga sama.

Sai dai ƙofar ba ɗaya ba ce, kuma wadda na fi ganin ta dace da mu ita ce ta kanikanci. Kowace motar gasa akwai mutanen da ke bayanta, masu sauke giya su mayar cikin dare guda, masu gyaran wuta, masu walda, masu taya. Akwai ma zangon da ake hana kanikawa taɓa mota, dole direba da jagoransa su yi gyara da hannunsu, don haka direban da bai san sifana ba ba ya nisa. Ku ji labarin Joginder Singh na Kenya. A 1965 shi da ɗan'uwansa suka sami tsohuwar Volvo wadda ta riga ta sha tsere, suka kwance ta suka sake ɗaurawa da hannunsu, suka shiga gasar Safari ta Gabashin Afirka, suka doke motocin kamfanoni. Bakaniken da ke iya tayar da tsohuwar Golf a bakin hanyar Shinkafi da ɗan abin da ke cikin akwatinsa, yana da tushen wannan aiki. Abin da ya rage masa shi ne karatu: ya iya karanta littafin mota, ya iya aiki da kwamfutar gano cutar inji, ya saba da ɗaure noti da ma'auni maimakon ƙiyasi, ya sami takardar shaida, ya ɗan ji Turanci ko Faransanci ko Larabci. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya nan a Ƙauran Namoda tun 1983, ba sai an yi nisa ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta irin wannan kwaleji ya bi a Birnin Kebbi. Kuma a lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, aka yi jerin motocin da aka haɗa a Najeriya daga Abuja zuwa Argungu a bikin kamun kifi na 2020.

Akwai kuma tafiye-tafiyen da ba na ƙwararru ba. Gasar Budapest-Bamako, wadda aka fara a 2005 daga ƙasar Hungari, mutane ne na yau da kullum ke shiga da motocinsu, suna ɗauke da kayan taimako ga makarantu da asibitoci. Ita ma rashin tsaro a Mali ya sa ta riƙa ƙarewa a wasu birane kamar Banjul da Firitawun. 'Yan Najeriya kuma sun yi doguwar tafiya su kaɗai. Newton Jibunoh ya tuƙo mota daga Landan ya ratsa Sahara zuwa gida tun a shekarun 1960, ya sake ratsa ta a 2000 da 2008, abin da ya gani na gurgusowar hamada ya sa ya kafa ƙungiyar yaƙi da ita. Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur a 2022 domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. A 2024 wata matashiya, Pelumi Nubi, ta yi wannan tafiya a cikin 'yar ƙaramar Fijo 107, ta yi haɗari a hanya, aka gyara motar, ta ƙarasa Legas a watan Afrilu.

Duk wanda zai fita da mota ƙetare, takardu ne farkon shiri. Fasfo mai sauran wa'adi. Biza ta kowace ƙasa da ke bukata, kuma a nema tun da wuri. Katin allurar shawara. Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Takardun mota da sunanka, ko takardar izini daga mai ita. Inshorar da ke aiki a ƙetare, wadda a ƙasashen ECOWAS akwai kati na musamman dominta. Sai takardar kwastan mai tabbatar da cewa shiga za ka yi da motar ka fito, ba sayarwa ba. A kuma tuna cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka a tambayi jami'an shige da fice halin da iyaka take ciki kafin a ɗaura niyya. Iyakar Maroko da Aljeriya, wadda 'yan gasar 1974 suka bi, a rufe take tun 1994.

Saura maganar hamada ita kanta, kuma wannan ta shafi mutanenmu da ke tafiya neman abinci ta Agadas zuwa Aljeriya ko Libiya fiye da yadda ta shafi 'yan gasa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, da yawa daga ƙasar Kance a jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yankin da motocin gasa suka riƙa ratsawa ke nan, sai dai su waɗannan bayin Allah babu jirgin da ke biye da su. Allah Ya jiƙansu.

Ƙa'idojin da 'yan gasa ke bi a nan ba su bukatar arziki. Mota ɗaya ba ta shiga hamada ita kaɗai. Ana sanar da wani a gari ranar tashi, da hanyar da za a bi, da ranar da ake sa ran isa, domin in an ji shiru a san inda za a nema. Ruwa ana ɗaukar na kwanakin tafiya, a ƙara na kwanakin lalacewa, a raba shi cikin jarkoki daban-daban don kada ɗaya ta fashe a rasa duka. Safaya biyu, da jak, da shebur, da fanbel, da famfon iska. Idan an shiga rairayi mai laushi ana rage iskar taya domin ta baje ta hau kansa, in an fito kan tsauri a mayar. Idan mota ta kafe ba a ci gaba da ba ta wuta, ƙara nutsewa take yi; a sauka a tone, a shimfiɗa mata abin takawa. Tafiyar sassafe ta fi, lokacin rairayi na da sanyi da ƙarfi, inji ma bai ɗau zafi ba. Idan kuwa ta lalace gaba ɗaya, a zauna a jikinta, a yi inuwa, a rage motsi da rana. Mai nema yana hango mota daga nesa, mutum mai tafiya a ƙasa kuwa da wuya a gan shi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kasuwar Daji da Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su ɗauki abu guda daga masu gasar nan: binciken mota kafin tashi. A sa mutum biyu masu idon sani, su duba taya, da birki, da fitila, da nauyin lodi kafin a ba mota layi. Minti biyar ya isa kowace mota, kuma wadda ta faɗi a tura ta gareji kafin ta ɗauki fasinja.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu zauna kan takardun ƙetare iyaka dalla-dalla, domin 'yan kasuwarmu masu bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Mai tambaya ya aiko mana kafin ranar. Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)